Daga Caruaru zuwa Angico: Yumɓu, Kyamara da Ɗan Fashin da Ya Zama Tsaraba

Aikina na koyar da ɗalibai yadda ake shirya fim ɗin gaskiya, wato wanda ake ɗaukar mutane a cikin rayuwarsu ba tare da 'yan wasa ba, shi ya haɗa ni da wani gajeren fim na ƙasar Birazil mai suna Vitalino/Lampião, wanda Geraldo Sarno ya shirya a 1969. Tsawonsa bai wuce minti goma ba. A cikinsa wani magini yana zaune a ƙasa, yana murza yumɓu da yatsu har ya fitar da siffar Lampião, ɗan fashin da ya addabi arewa maso gabashin ƙasar kusan shekara ashirin, sannan ya ɗauki siffar ya kai ta kasuwa. Abin da ya hana ni sakat shi ne yadda mutumin da ya kashe rayuka masu yawa ya koma abin ado da ake saya wa yara, domin ni daga ƙasar da 'yan bindiga suka tashi ƙauyuka na fito. Da dama ta samu, sai na shirya na tafi in gani da idona.

Na karɓi biza a Abuja, na sabunta katin rigakafin shawara, na tashi ta Addis Ababa zuwa São Paulo, daga nan na hau jirgin cikin gida zuwa Recife, babban birnin jihar Pernambuco. A Recife na haɗu da wani ɗalibin jami'a da aka haɗa ni da shi tun ina gida, wanda ya yarda ya raka ni ya riƙa yi mini tafinta, saboda da zarar an bar manyan birane ba a cika samun mai jin wani yare ba sai Fotugis. Washegari muka hau jirgin ƙasa na cikin gari zuwa babbar tashar mota, muka yanki tikitin Caruaru a kan wajen real 40 kowannenmu, real kuwa shi ne kuɗin ƙasar.

Tsakanin Recife da Caruaru kimanin kilomita 130 ne a kan babbar hanyar BR-232. Da farko gonakin rake ne kore shar a kowane ɓangare, sai motar ta fara hawan duwatsun Serra das Russas, iska ta yi sanyi, ciyawa ta fara gajarta, itatuwa suka fara yin nesa da juna. Mun wuce ofishin 'yan sandan manyan hanyoyi na tarayya, kuma na gyara zama na laluba fasfo kamar yadda hanyar Kano zuwa Gusau ta koya mini, amma direba rage gudu kawai ya yi ya wuce. Babu itace a gicciye, babu ganga, babu mai leƙo kai ta taga. A duk tafiyar sau ɗaya aka tsayar da motar da nake ciki, can kusa da iyakar Alagoas, jami'in ya duba takardun direba da fasfona, ya tambayi inda za ni, ya miƙo mini abina.

Masaukin da muka samu a Caruaru ƙaramin gida ne na iyali, ɗaki da fanka da banɗaki a kan wajen real 150 har da karin kumallo. Na shiga ƙasar da fargabar abinci, domin naman alade yana shiga cikin wakensu ba tare da an faɗa ba, amma teburin safe ya kwantar mini da hankali. An kawo turararren garin masara da suke kira cuscuz, wanda bai da maraba da dambu, da dafaffen rogo da aka zuba wa man shanu narkakke daga kwalba, da soyayyen cuku, da ƙwai. A gefe kuma ga mazarƙwaila, irin tamu sak, an yanka ta gunduwa-gunduwa. Matar gidan ta yi mamakin yadda na san abin da zan yi da kowanne, har ta kira mijinta ya zo ya ga baƙon da ya zo daga Afirka yana cin dambu da hannu. Gasasshen naman akuya shi ne abin alfaharin yankin, amma da yake ban san yadda aka yi yankan ba, sai na tsaya a kan kifi da ƙwai har na bar ƙasar.

Unguwar Alto do Moura tana da nisan kimanin kilomita 7 daga tsakiyar gari, kuma kusan kowane gida a babban titinta shago ne a gaba, wurin gini a baya. A nan gidan Vitalino Pereira dos Santos yake, wanda kowa ke kira Mestre Vitalino, ɗan ƙaramin gini na tubalin ƙasa da aka mayar gidan tarihi a 1971. An haife shi a 1909 a wani ƙauye kusa da Caruaru. Mahaifinsa manomi ne, mahaifiyarsa kuma maginiyar tukwane, kuma da ragowar yumɓunta ya fara ƙera shanu da dawaki tun yana ɗan shekara shida, ana sayar da su a kasuwa a matsayin kayan wasan yara. Duk wanda ya tashi a karkarar ƙasar Hausa ya san wannan wasa, mun yi shi a bakin kududdufi bayan ruwa ya ɗauke, mun sa wa shanunmu ƙaho da ƙaya. Bambancin shi ne Vitalino bai daina ba. Ya ci gaba har ya zuba rayuwar yankinsa gaba ɗaya a cikin yumɓu: mai cire haƙori ya danne majiyyaci, ango da amarya a kan doki, masu busa sarewa, ɗan sanda ya tasa ɓarawo, mafarauci da karensa. Bai yi karatun boko ba, da hatimi yake sa wa aikinsa alama. A 1947 mai zane Augusto Rodrigues ya kai ayyukansa baje koli a Rio de Janeiro, sunansa ya zaga ƙasa, manyan gidajen tarihi suka fara neman kayansa. Duk da haka a cikin talauci ya mutu a 1963, kuma cutar agana ce ta kashe shi, a lokacin da rigakafinta ya daɗe da samuwa. Na tsaya a cikin ɗakin nan mai gajeren rufi, na ga 'yan kayan aikinsa da sarewarsa, raina ya sosu ƙwarai, domin na san maƙera da masaƙa da marina a gida waɗanda aikinsu ke rataye a falon masu kuɗi alhali su ba su da kuɗin asibiti.

A bayan wani shago wata dattijuwa ta ba ni kujera na zauna ina kallon aikinta. Daga gaɓar kogin Ipojuca ake kawo yumɓun, a jiƙa shi, a daka, a tsince tsakuwa da saiwa, a cuɗa har ya yi laushi. Ba ta da na'urar juyi, ba ta da ma'auni. Kayan aikinta tsinke ne, da tsohuwar wuƙa, da guntun mataji, da kwanon ruwa da take tsoma yatsa. Ta mulmula gangar jiki, ta liƙa ƙafafu, ta soka siririn waya don ya riƙe wuya, sannan ta ɗauko wani faifan yumɓu ta naɗe gabansa sama ya zama hular nan mai kama da jinjirin wata. Tun kafin ta yi fuska na gane Lampião take ƙerawa. Ta danna taurari a goshin hular da bakin tsinke, ta gicciya ɗamarar harsashi biyu a ƙirji, ta murza zare biyu na yumɓu ta yi masa tabarau. Daga nan sai ya sha iska a inuwa na wasu kwanaki, a jera shi da 'yan'uwansa a cikin murhu mai zagaye, a rufe da fasassun kasko, a hura itace na sa'o'i, ya huce, a yi masa fenti. Na sa tafinta ya tambaye ta ko ba ta jin komai idan tana ƙera mai kisan kai. Ta ce, ɗana, kakata tana ba mu labarin yadda suke kwana a daji idan an ce yana kusa, amma baƙi shi suke tambaya, shi da matarsa Maria Bonita, kuma su ne suke biyan kuɗin wuta da na makarantar jikoki.

Maganarta ta yi daidai da abin da fim ɗin Sarno ya kama. Wanda ke gini a fim ɗin Manuel ne, ɗan Vitalino, kuma yana cewa gara ya bar sana'ar da ya canza yadda ake yin ta da hannu, yayin da mawaƙi Severino Pinto yake rera labarin Lampião a baya. Fim ɗin yana cikin jerin gajerun finafinan da Thomaz Farkas, mai ɗaukar hoto ɗan asalin Hungary da ya zauna a São Paulo, ya ɗauki nauyinsu tun daga 1964, inda matasan masu shirya fim suka zaga arewa maso gabas suna ɗaukar makiyaya da mawaƙa da masu sana'ar hannu, a daidai lokacin da sojoji ke mulkin ƙasar. Abin da ya burge ni da aikin Sarno shi ne bai tsaya a kan gwanintar hannu ba, ya bi siffar har inda ake cinikinta, domin a can ne ake yanke shawarar abin da magini zai ƙera gobe.

Na bi ta ni ma. Kasuwar Caruaru tana da girman da mutum zai yini bai gama ta ba, kuma hukumar adana kayan tarihi ta ƙasar ta sa ta cikin gadon al'adu a 2006. A layin masu yumɓu Lampião ya fi kowa yawa: ga shi a tsaye da bindiga, ga shi a kan doki, ga shi rungume da Maria Bonita, ga shi ƙarami an maƙala masa zoben makulli. Kumatunsa a cike, idanunsa farare da ɗigon baƙi, babu abin tsoro a tare da shi. A matsayina na Musulmi ina da nawa taka-tsantsan game da ajiye siffar mai rai a gida, don haka abin da na saya na ɗakin karatun ɗalibai ne: sa guda a kan real 25, da jerin da suke kira retirantes, iyali ne da fari ya kora, uba a gaba, uwa da ƙunshi a ka da goyo, yara da akuya da kare a biye. Na juya Lampião a hannuna na mayar da shi kan tebur. Wancan iyali kuwa na san su, na gan su a bakin titin Gusau da Katsina, sai dai namu ba fari kaɗai ya koro su ba.

Daga Caruaru muka ci gaba da bin BR-232 zuwa yamma ta Arcoverde da Custódia, tafiya mai tsawo a cikin busasshen daji mai ƙaya da suke kira caatinga, har muka isa Serra Talhada, garin da a da ake kira Vila Bela. A karkarar wannan gari aka haifi Virgulino Ferreira da Silva, wato Lampião, a ƙarshen ƙarni na 19. Rikicin gona da dabbobi tsakanin gidansu da maƙwabta ne ya fara jefa shi da 'yan'uwansa cikin ɗaukar makami, bayan 'yan sanda sun kashe mahaifinsa kuma ya shiga daji gaba ɗaya, a 1922 ya zama shugaban ƙungiya. A gidan tarihin cangaço, sunan da ake kiran wannan fashi na daji da shi, na ga bindigogi da dogayen wuƙaƙe da jakunkuna masu ado, domin mutanen nan suna da son kwalliya, Lampião kansa gwanin keken ɗinki ne kuma mai son turare. Matasan da ke kula da wurin suna rawar xaxado da kayan cangaço, suna faɗin cewa zalunci ne ya haife shi. A 1991 har ƙuri'a aka kaɗa a garin kan ko a yi masa mutum-mutumi, masu goyon baya suka yi rinjaye.

Ban musanta zaluncin ba. Manyan masu ƙasa, waɗanda ake kira coronéis, su ne doka a wancan zamani, rundunonin 'yan sandan da ke farautar 'yan fashin kuma suna dukan talakawa da ƙwace musu kaya ba kaɗan ba. Amma Lampião bai yaƙi masu ƙasar a matsayinsu na azzalumai ba, da yawansu abokan cinikinsa ne, su ke ba shi mafaka da harsashi. Yakan aika wa gari takarda ya faɗi kuɗin da za a tara, in an ƙi ya shiga. Yana kama mutane don kuɗin fansa. Wani yaronsa, Zé Baiano, yana ɗora wa mata ƙarfe mai zafi a fuska mai ɗauke da haruffan sunansa. A 1926 ma hukuma da kanta ta kira shi Juazeiro do Norte, garin fitaccen limamin coci Padre Cícero, aka ba shi muƙamin kyaftin da makamai don ya yaƙi sojojin da suka yi wa gwamnati tawaye ƙarƙashin wani hafsa mai suna Prestes, ya karɓi kayan ya koma sana'arsa. Ina sauraren wannan tarihi ina jin kamar labarin Zamfara ake karanta mini: rikicin gona da kiwo, ramuwar gayya, masu kai rahoto a cikin gari, harajin da ake ɗora wa ƙauye, sulhun da ke ƙara wa ɗan bindiga ƙarfi. A hanyarmu ta kudu muka ratsa yankin Floresta, inda ƙauyen Nazaré yake, wanda mazansa suka shafe shekaru suna farautarsa, kuma direbanmu ya ce a can har yau ba a yabonsa a gaban dattawa.

A nan ne na fahimci nauyin da ke kan kyamara. A 1936 wani ɗan asalin Labanan mai suna Benjamin Abrahão, wanda ya taɓa zama sakataren Padre Cícero, ya sami kayan ɗauka daga kamfanin Aba-Film na Fortaleza, ya shiga daji ya sami Lampião, ya ɗauke shi da yardarsa. 'Yan mintunan da suka tsira ba su da sauti, amma suna da ƙarfi: ana ganin ƙungiyar a durƙushe tana addu'a, ana rawa, Maria Bonita tana taje masa gashi, shi kuma yana karatu, yana wasa da kare, yana nuna wuƙarsa ga mai ɗauka. Babu gawa ko ɗaya, babu gidan da aka ƙona, babu matar da aka yi wa tabo. Lampião ne ya zaɓi abin da za a gani, kuma wannan zaɓin nasa shi ne ya zama hular da tabarau da dattijuwar Alto do Moura take ƙerawa. Gwamnatin Getúlio Vargas ta ƙwace fim ɗin a 1937 saboda ya kunyata ta, tunda ga mai kyamara ya sami mutumin da rundunonin jihohi suka kasa samu. A 1938 aka kashe Abrahão da sukar wuƙa. Na tuna da tarar naira miliyan 5 da hukumar kula da kafofin watsa labarai ta Najeriya ta ci Trust TV a 2022 kan shirinta game da 'yan bindiga, da irinta da aka ci masu tauraron ɗan'adam da suka nuna na BBC. Ba na goyon bayan hana ɗauka, domin ba don Abrahão ba da babu wanda zai ga fuskokin nan suna motsi. Abin da nake ƙi shi ne a bar ɗan fashi shi kaɗai a gaban kyamara.

Fim ɗin da ya fi kusa da gyara wannan shi ne Memória do Cangaço na Paulo Gil Soares, na 1964. Ya yi amfani da hotunan Abrahão, amma ya ajiye su kusa da bakin waɗanda suka rayu: tsofaffin 'yan ƙungiyar, da Zé Rufino, jami'in da ya kashe Corisco, ɗaya daga cikin manyan yaran Lampião, a 1940, da Dadá, matar Corisco, wadda ya sace tun tana yarinya. Ya kuma bar farfesa Estácio de Lima na cibiyar binciken gawa ta Nina Rodrigues da ke birnin Salvador ya yi bayanin cewa halittar jikin mutanen yankin ce ke sa su fashi, sannan ya nuna talauci da rashin makaranta da rashin asibiti don mai kallo ya auna da kansa. Ko a nan ma muryar manomin da aka yi wa ɓarna ba ta da yawa, kuma wannan gurbin shi nake so ɗalibaina su cike idan suka ɗauki kyamara zuwa Shinkafi ko Batsari.

Mun isa Piranhas da yamma, ƙaramin gari mai gidaje masu launi a kan gangaren kogin São Francisco, a jihar Alagoas. Zafinsa ya tuna mini da Sakkwato a watan Afrilu. Masauki ya fi na Caruaru tsada saboda masu yawon buɗe ido, amma kifin kogin ya biya ni. Da safe muka hau jirgin ruwa, wajen real 100 kowane mutum, muka gangara zuwa gaɓar jihar Sergipe, daga nan muka taka ƙasa da kilomita ɗaya a cikin duwatsu da ƙaya da dogayen itatuwan mandacaru. Hanyar gajeriya ce amma rana ta sa ta yi tsawo, wata mata a ayarinmu sai da aka zaunar da ita aka yayyafa mata ruwa.

Kwazazzabon Angico wuri ne ƙuntatacce tsakanin duwatsu, a busasshen rafi, kuma da ganinsa mutum zai gane cewa wanda aka ritsa a ciki ba shi da mafita. A nan rundunar laftanar João Bezerra ta auka musu da asubahin 28 ga Yuli, 1938, bayan an matsa wa wani mai kai musu kaya ya nuna wurin. An kashe mutum 11 har da Lampião da Maria Bonita, soja ɗaya ya mutu. An datse kawunansu, aka jera su a kan matakalar ofishin hukumar Piranhas tare da huluna da bindigogi da kekunan ɗinki, aka ɗauki hoto, sannan aka ajiye su a cibiyar Nina Rodrigues ana nuna wa jama'a har 1969 kafin a binne su. Wannan aikin hukuma ne, kuma bai fi na 'yan fashin tsabta ba. Akwai gicciye da allunan sunaye a jikin dutsen, kuma kowace shekara a ranar ana taruwa a yi addu'ar coci. Jagorarmu tana sanye da hular cangaço, ta ba da labarin da gwaninta har wasu suka share hawaye. Na sa tafinta ya tambaye ta ko akwai wani wuri a yankin da aka rubuta sunayen waɗanda ƙungiyar ta kashe. Ta yi ɗan tunani ta ce na sojan da ya mutu yana nan, na sauran kuwa sai dai in je maƙabartun ƙauyuka in tambayi iyalai.

Da muka koma Piranhas na je na ga matakalar, yara 'yan makaranta suna zaune a kanta suna shan ƙanƙara, a shagon da ke kallonta kuma ana sayar da Lampião na yumɓu da mai shagon ya ce daga Caruaru ake saro shi. Washegari na sallami tafintana, ya kama hanyar Recife, ni kuma na hau mota zuwa Maceió, na tashi zuwa São Paulo, daga can Addis Ababa, sannan Kano. Na naɗe kayan yumɓun a cikin riguna na riƙe su a jakar hannu. Jami'in kwastan ya buɗe ya tambaye ni ko na sayarwa ne, na ce na makaranta ne, ya mayar mini. Ƙahon san guda ya karye a hanya, na liƙe shi da gam kafin in kai su ofis.